Kalmar Turanci "shroud": tambayoyi da amsoshi kan ma'anoninta da asalinta

Yawancin masu karatun Turanci a ƙasar Hausa sun fara cin karo da kalmar shroud ne a ma'anar likkafani, kuma da yawa suna tsayawa a nan. Sai dai kalmar ta shafe ɗaruruwan shekaru a bakin Turawan Ingila kafin ta sami wata alaƙa da mamaci, har gobe kuma matuƙan jiragen ruwa da makanikai da 'yan jarida suna amfani da ita a wuraren da ba a zancen mutuwa ko kaɗan. Amsoshin da ke ƙasa sun bi sawun kalmar daga tushenta zuwa yadda ake aiki da ita a yau.

Mece ce ma'anar shroud a Turancin yau?

Idan suna ce, ma'anarta ta farko ita ce ƙyallen da ake naɗe gawa da shi kafin a binne ta, wato likkafani. Ma'ana ta biyu ita ce duk wani abu da ya rufe wani abu ruf har ido ya kasa ganinsa, kamar hazo ko hayaƙi ko duhu. Ta uku ita ce ta masu jirgin ruwa, inda jam'inta shrouds ke nufin igiyoyin da ke riƙe doguwar sandar tsakiyar jirgi ta dama da hagu. Ta huɗu kuma ita ce ta injiniyoyi, waɗanda ke kiran murfin da ke kewaye wani sashe na inji da wannan suna. Idan aikatau ce, tana nufin lulluɓewa ko ɓoyewa, ko kuma yi wa gawa likkafani. Zaren da ya ratsa dukkansu shi ne rufewa, kuma wanda ya riƙe wannan zaren ba zai ɓata ba a duk inda ya haɗu da kalmar.

Yaya ake furta ta?

Gaɓa ɗaya ce tak, kusa da "shraud", ba tare da an cusa wasali tsakanin sh da r ba. Ƙarshenta ya yi daidai da na loud da cloud da proud.

Daga ina kalmar ta samo asali?

Kalmar Turanci ce ta gado, ba aro ba ce daga Latin ko Faransanci kamar dubban kalmomin da suka cika harshen daga baya. A Tsohon Turanci, wato harshen da ake yi a Ingila tun daga wajajen ƙarni na 5 har zuwa bayan mamayar da Normandawa, mutanen arewacin Faransa, suka yi wa Ingila a 1066, ana rubuta ta scrūd, kuma ma'anarta ita ce tufa ko kayan sawa na rayayyen mutum. Akwai aikatau da ta fito daga gare ta, scrydan, wadda ke nufin tufatar da mutum. Ana kuma haɗa ta da wasu kalmomi: scrūdland shi ne filin da aka ware amfaninsa domin tufatar da masu zaman ibada a gidajen addini, scrūdfeoh kuma kuɗin sayen tufafi ne. A tsohuwar waƙar jarumta ta Beowulf an kira sulken jarumin da beaduscrūd, wato rigar yaƙi. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da ke da warin kabari.

Ko a ƙarshen ƙarni na 14 ma'anar tufa ce ke kan gaba. A farkon doguwar waƙar Piers Plowman, wadda ake jingina wa William Langland, mai ba da labarin ya ce ya sanya shroudes ya fita yawon duniya, kuma abin da yake nufi shi ne ya sa kaya masu kaushi irin na talakan karkara.

Harsunan da suke 'yan uwan Turanci sun tabbatar da wannan tarihin. A Tsohon Nos, harshen mutanen Sikandinebiya na zamanin da, skrúð na nufin kayan ado da kayan coci da kayan aikin jirgi. Har yau a harshen Suwidin skrud na nufin tufafin ado ko na biki, har ma suna cewa ƙasa ta shiga vinterskrud, wato ta sa kayan hunturu, idan dusar ƙanƙara ta rufe ta. A harshen Aisland kuwa, jerin gwanon da ake fitowa cikin ado ranar biki sunansa skrúðganga. Abin lura a nan shi ne yadda kalma ɗaya ta rabu hanya biyu: a arewacin Turai ta bi hanyar ado da shagali, a Ingila kuma ta bi hanyar maƙabarta.

An ce tushenta na nufin yanka. Me ya haɗa tufa da yanka?

Masana tarihin harsuna suna mayar da scrūd zuwa wani tsohon tushe mai ma'anar yankewa na dangin harsunan da Turanci da Jamusanci suka fito daga ciki, shi ma kuma suna mayar da shi zuwa tushen harsunan Indiya da Turai da ake rubutawa sker. Wannan tushe ba a same shi rubuce a ko'ina ba. An sake gina shi ne ta hanyar kwatanta harsuna da bin ƙa'idojin sauyin sauti, don haka ya kamata a ɗauke shi a matsayin ƙwaƙƙwaran hasashe na ilimi. Tunanin da ke bayansa mai sauƙi ne: tufa yanki ne na ƙyalle da aka yanke daga saƙa. 'Yar uwar shroud mafi kusa a Turanci ita ce shred, wadda ke nufin ɗan guntun da aka yaga ko aka yanke. Daga wannan babban gida ne kuma shear ta fito, wato aske gashin tumaki, da short, wato gajere ko abin da aka datse, da kuma shirt da skirt. Waɗannan biyun na ƙarshe asalinsu kalma ɗaya ce mai nufin gajeriyar riga: shirt ita ce ta gidan Turanci, skirt kuma ita ce wadda mutanen Sikandinebiya suka shigo da ita, shi ya sa ta riƙe sautin sk.

To yaushe ta koma nufin likkafani, kuma me ya jawo haka?

Ƙamusoshin tarihin Turanci suna nuna cewa ma'anar ƙyallen binne gawa ta bayyana a rubuce ne a rabi na biyu na ƙarni na 16, wato zamanin Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya. Kafin nan, da kuma na dogon lokaci bayan nan, kalmar da aka fi sani ita ce winding sheet, ma'ana mayafin naɗewa. Dalili kuwa shi ne yawancin talakawan Ingila na wancan zamani ba a sa su a akwati. Ana naɗe su ne da mayafi, a ɗaure ta wajen kai da ta wajen ƙafa, a kai su kabari. Wasu Ikklesiyoyi suna da akwati guda na gayya wanda ake ɗaukar gawa a ciki zuwa bakin kabari, sannan a mayar da shi coci.

A nawa ganin, abubuwa biyu ne suka taru. Na farko, kalmomin da ke nufin tufafi sun yi yawa a Turanci bayan shigowar na Faransanci irin su garment da robe da dress, ga kuma clothes ta gida, sai shroud ta rasa gurbinta a maganar yau da kullum. Na biyu, ɗan Adam a ko'ina yana son sassauta harshe idan ya zo kan mutuwa, kuma kiran ƙyallen gawa da sunan tufa hanya ce ta girmama mamaci. Da zarar kalma ta shiga wannan aiki, mutane sukan ji nauyin amfani da ita ga rigar mai rai, daga nan sai tsohuwar ma'anar ta shuɗe.

Irin wannan ƙuntatar ma'ana ba baƙon abu ba ne a Turanci. Meat a da tana nufin kowane irin abinci kafin ta taƙaita ga nama, deer tana nufin kowace dabba kafin ta taƙaita ga dabba guda mai kama da barewa, starve kuma tana nufin mutuwa kawai kafin ta zama mutuwar yunwa. Faransanci ma ya bi wannan hanyar da kalmarsa ta likkafani, linceul, wadda ta fito daga Latin da ma'anar ɗan ƙyallen lilin, ta daɗe tana nufin zanen gado, kuma 'yar uwarta ta Italiyanci lenzuolo har yanzu zanen gado take nufi.

Shin Hausa tana da abin da ya yi kama da wannan?

Tana da shi, kuma kamannin na da ƙarfi. Kalmar likkafani kanta aro ce daga Larabci al-kafan, inda Hausa ta haɗiye harafin ma'arifa, wato al-, ya zama wani ɓangare na kalmar, kamar yadda ya faru da littafi da labari da laifi da lahira. Amma likkafani tun shigowarta ƙyallen mamaci take nufi, ba ta taɓa nufin rigar mai rai ba, saboda haka ba ita ce ta yi tafiya irin ta shroud ba. Kalmar da ta yi wannan tafiya ita ce sutura, ita ma daga tushen Larabci mai nufin rufewa. Muna cewa mutum yana da sutura mai kyau, ko a ce ci da sha da sutura, muna nufin kayan sawa. Muna kuma cewa an yi wa mamaci sutura, muna nufin an wanke shi an sa masa likkafani. Bambancin kawai shi ne Hausa ta riƙe ma'anonin biyu a tare, Turanci kuwa ya saki ta farko ya riƙe ta biyu. Wanda ya fahimci yadda Bahaushe ke amfani da sutura ya riga ya fahimci rabin tarihin shroud.

Me ya sa scrūd ta zama shroud a rubutu da furuci?

Sauye-sauye uku ne. Haruffan sc na Tsohon Turanci sun koma ana furta su kamar sh, daga baya rubutun ma ya bi furucin, kamar yadda scip ta zama ship. Marubutan da suka saba da ƙa'idar Faransanci bayan 1066 sun riƙa rubuta dogon wasalin u da haruffa biyu, ou. Sannan tsakanin wajajen 1400 da 1700 dogayen wasulan Turanci suka sauya gaba ɗaya, dogon u ya koma au, abin da ya mayar da hūs zuwa house da mūs zuwa mouse. Rubutun ya tsaya inda yake, furucin ne ya ci gaba da tafiya.

Me ya haɗa kalmar da igiyoyin jirgin ruwa?

Wannan ma'ana ta girmi ta likkafani, domin an same ta a rubuce tun ƙarni na 15. A jirgin da iska ke turawa akwai doguwar sanda a tsaye wadda ake rataya manyan ƙyallaye a jikinta, kuma ƙarfin iska zai iya karya ta ko ya kayar da ita idan ba a ɗaure ta ba. Igiyoyin da ke saukowa daga samanta zuwa gefen dama da gefen hagu na jirgin su ne shrouds, waɗanda ke riƙe ta ta gaba da baya kuma sunansu stays. A manyan jiragen da, ana ɗaura ƙananan igiyoyi a gicciye tsakanin shrouds, su zama tsani da ma'aikatan jirgi ke hawa. A ƙananan jiragen zamani an fi yin su da wayar ƙarfe.

Game da yadda sunan ya samu, akwai bayani biyu da ba su kore juna ba. Ɗaya shi ne ma'anar ta shigo daga Tsohon Nos, inda skrúð ta riga ta ƙunshi kayan jirgi, kuma tasirin mutanen Sikandinebiya a harkar jiragen ruwa ta Ingila sananne ne. Ɗayan shi ne matuƙa suna kallon igiyoyin a matsayin tufafin sandar, tunda sandar da ba a ɗaura mata komai ba sukan kira ta tsirara. Mai fassara da ya ga an rubuta cewa wani matuƙi ya hau shrouds, ya kamata ya san igiyoyi ya hau. Daga wannan ma'ana ce aka sami shroud lines, siraran igiyoyin da ke haɗa laimar dira daga jirgin sama da jikin mai dirowa.

Yaya injiniyoyi da makanikai suke amfani da ita?

A wurinsu shroud murfi ne ko zobe da ke kewaye wani sashe domin kare shi ko domin sarrafa iska da zafi. Wanda kowa zai iya gani da idonsa shi ne na mota: robar da ke kewaye fankar lagireto ana kiranta fan shroud, aikinta kuwa shi ne tilasta wa iskar da fanka ke ja ta ratsa ta cikin lagireton maimakon ta zille ta gefe. Idan ta karye aka cire ta aka yar, mota takan riƙa zafi musamman a cunkoso, inda babu iskar gudu da za ta taimaka. Akwai irin wannan zobe a cikin injin jirgin sama, a kewaye da bakin fukafukan da ke juyawa, haka kuma a wasu tashoshin nukiliya akwai ƙaton bututun ƙarfe da ke kewaye zuciyar tukunyar makamashi mai suna core shroud.

A harkar sararin samaniya, murfin da ke kan hancin roka, wanda ke kare kumbo daga iska da zafi har sai an fita sama sannan ya rabe ya faɗi, shi ma ana kiransa da wannan suna, ko da yake yanzu fairing ta fi yawa. Amurka ta ga illar rashin buɗewarsa fiye da sau ɗaya. A watan Nuwamba na 1964 kumbon Mariner 3 da aka nufi duniyar Mars da shi ya lalace saboda murfin ya ƙi rabuwa da shi, faifan ɗaukar hasken rana suka kasa buɗewa, batir ya ƙare. Cikin makonni kaɗan aka sake ƙera murfin, aka harba Mariner 4, wanda ya wuce ta kusa da Mars a watan Yuli na 1965 ya aiko da hotuna. A watan Yuni na 1966 kuma, 'yan sama jannatin Gemini 9A, Thomas Stafford da Eugene Cernan, sun isa wurin na'urar da aka tura su haɗe da ita, sai suka tarar murfinta ya buɗe rabi ya maƙale, har Stafford ya kwatanta ta da fusataccen kada. Dole aka fasa haɗewar.

Mene ne Shroud of Turin?

Shi ne likkafanin da ya fi kowane shahara a ƙarƙashin wannan suna, kuma ta dalilinsa ne mutane da yawa suka fara jin kalmar. Ƙyallen lilin ne mai tsawon kusan mita 4.4 da faɗin kusan mita 1.1, wanda ke ɗauke da dusashshen hoton gaba da bayan wani mutum mai raunuka irin na wanda aka gicciye. Ana ajiye shi a babban cocin birnin Turin da ke arewacin Italiya. Kiristoci da dama sun yi imanin cewa shi ne mayafin da aka naɗe Yesu da shi, bisa labarin Linjila cewa Yusufu mutumin Arimatiya ya sayo lilin ya naɗe jikin. Musulmi kuwa, bisa aƙidarsu cewa ba a kashe Annabi Isa ba kuma ba a gicciye shi ba, ba su ɗauke shi a wannan matsayi ba.

Tarihin da aka tabbatar ya fara ne a ƙauyen Lirey na Faransa a wajajen 1355, a hannun iyalin wani jarumi mai suna Geoffroi de Charny. A 1389 bishop ɗin yankin, Pierre d'Arcis, ya rubuta wa Fafaroma cewa zane ne na hannun mutum. Gidan sarautar Savoy ya mallake shi a 1453, gobara ta ƙona wasu sassansa a Chambéry a 1532, aka kai shi Turin a 1578. Shahararsa ta zamani ta fara a 1898, lokacin da Secondo Pia ya ɗauke shi hoto, ya ga cewa a jikin gilashin hoton, inda fari ke zama baƙi, siffar mutumin ta fito fili fiye da yadda take a ƙyallen. A 1988 ɗakunan bincike uku, a Oxford da Zurich da Arizona, suka yi gwajin sinadarin kabon, wanda ke nuna shekarun abu, a kan ɗan yanki da aka yanka daga gefensa, suka ba da shekarun da ke tsakanin 1260 da 1390. Masu goyon bayan sahihancinsa suna jayayya da wannan sakamako, suna cewa yankin da aka gwada bai wakilci sauran ƙyallen ba. Cocin Katolika, wanda ya gaje shi bayan rasuwar tsohon sarkin Italiya Umberto na Biyu, ɗan gidan Savoy, a 1983, bai yanke hukunci a hukumance cewa na gaske ne ba, sai dai ya yarda a girmama shi a matsayin abin tunawa. Mutanen Italiya suna kiransa Sindone, daga kalmar Girkanci ta Linjila mai nufin lallausan lilin. Turanci ne ya zaɓi shroud.

Da gaske ne an taɓa kafa dokar likkafani a Ingila?

Gaskiya ne. Majalisar Ingila ta kafa doka a 1666, ta ƙarfafa ta a 1678 da 1680, cewa kada a binne kowa sai da ƙyallen ulu. Manufar ita ce kare masaƙun ulu na cikin gida da rage sayen lilin daga ƙasashen waje. Dole ne cikin kwana 8 da binnewa wani ya yi rantsuwa cewa an bi dokar, wanda ya saɓa kuma tararsa fam 5, kuɗi mai yawa a lokacin. An ɗauke wa waɗanda annoba ta kashe. Wasu masu hali sun gwammace su biya tarar su binne nasu da lilin, kuma dokar ta yi ta rauni har aka soke ta a 1814. A cikin wannan zamani ne shroud ta riƙa nufin wata irin doguwar riga da aka ɗinka domin gawa, wadda ake saya a shirye, ba mayafin naɗewa kaɗai ba, har yau kuma masu sana'ar jana'iza a Birtaniya suna amfani da kalmar a haka.

Mene ne bambancinta da pall da coffin da makamantansu?

Shroud ita ce ke taɓa jikin mamaci. Pall mayafi ne mai nauyi da ake shimfiɗawa a kan akwatin gawa lokacin jana'iza, ba a binne shi, kuma daga gare shi aka sami pallbearer, mai ɗaukar gawa. Coffin shi ne akwatin, Amurkawa kuma sun fi cewa casket. Abin da muke kira makara shi ne bier. Idan Musulmi masu magana da Turanci suna bayanin jana'iza, shroud suke cewa a madadin kafan, Yahudawa ma haka suke fassara fararen tufafin da suke binne matattunsu da su.

Yaya ya kamata a fassara shrouded in mystery da ire-irenta zuwa Hausa?

A nan ne aka fi yin kuskure, kuma a nan ne kalmar ta fi yawan fitowa a jaridu. Wanda zai karanta labarai na wata guda zai ga shrouded in secrecy da shrouded in mist sau da yawa kafin ya ga shroud a ma'anar likkafani ko sau ɗaya. Aikatau ɗin ta riga ta ɗauki ma'anar ɓoyewa tun kafin sunan ya zama na ƙyallen gawa, don haka ba daidai ba ne a ɗauka cewa duk inda ta fito akwai ishara ga mutuwa.

Idan maganar yanayi ce, lulluɓe ko rufe ko turnuƙe sun wadatar: hazo ya lulluɓe gari, hayaƙi ya turnuƙe unguwa, gajimare ya rufe kan dutse. Idan maganar ɓoye bayani ce, bai kamata a tilasta wa Hausa hoton mayafi ba, domin tana da nata hanyoyin. Za a iya cewa an yi yarjejeniyar a asirce, ko an yi rufa-rufa a lamarin idan akwai zargin ɓoye laifi, ko har yanzu ba a san haƙiƙanin abin da ya faru ba idan rashin sani ne kawai. Zaɓi tsakanin waɗannan yana da muhimmanci, saboda rufa-rufa tana ɗauke da tuhuma, alhali shrouded in mystery sau da yawa ba ta tuhumar kowa. Tana cewa ne kawai abin ya gagari sani. Ɗan jaridar da ya sa rufa-rufa a inda asalin labarin bai zargi kowa ba ya ƙara wa labarin abin da babu a cikinsa.

Duk da haka kalmar tana da nauyi a kunnen Bature. Ba a cika amfani da ita ga abin farin ciki ba, kuma ta fi cover da veil duhu. Akwai kuma enshroud, mai ma'ana ɗaya, wadda ta fi zama a rubutun adabi.

Akwai karin magana ko salon magana da aka gina a kanta?

Mafi shahara ita ce shrouds have no pockets, wato likkafani ba shi da aljihu, ana faɗa wa mai tara dukiya ko marowaci cewa ba zai tafi da komai ba. Harsunan Turai da dama suna da irinta. Jamusawa cewa suke yi rigar ƙarshe ba ta da aljihu. A siyasar Birtaniya kuma akwai shroud-waving, wato kaɗa likkafani, zargin da ake yi wa wanda ke tsorata jama'a da cewa mutane za su mutu idan ba a ƙara kuɗi ba, galibi a muhawarar kasafin kiwon lafiya. Magana ce ta suka, kuma sau da yawa ana jefa ta ne ga likitocin da gargaɗinsu na gaskiya ne, don haka mai karatu ya lura da wanda ke faɗarta.

Waɗanne kalmomi ne ake rikita ta da su?

An fi rikita ta da shrewd, mai nufin wayo da hangen nesa a ciniki ko siyasa, kuma babu dangantakar ma'ana tsakaninsu. Shrewd ta fito ne daga shrew, sunan wata 'yar dabba mai kama da jaɓa. Shrub, ƙaramar bishiya, ita ma daban ce. Shred ce 'yar uwarta ta kusa.

Akwai ma'anonin da suka ɓace?

Akwai biyu da mai karanta tsofaffin rubuce-rubuce zai iya haɗuwa da su. Ta farko ita ce mafaka. A ƙarni na 16 da na 17 marubuta sukan ce mutum ya yi shroud a ƙarƙashin bishiya ko a wani gini, ma'ana ya fake daga ruwa ko hadari. A tsohon babban cocin Saint Paul na Landan, wanda gobarar 1666 ta cinye, akwai wurin da ake kira the Shrouds, inda ake komawa yin wa'azi idan yanayi ya hana a yi shi a mumbarin da ke fili. A nan ne Hugh Latimer, ɗaya daga cikin jagororin sauyin addini a Ingila, ya yi shahararren wa'azinsa kan garma a watan Janairu na 1548.

Ta biyu ita ce ta manoma da masu kula da daji. A wasu ƙauyukan Ingila, yi wa bishiya shroud na nufin sassare rassanta na gefe, rassan da aka sare su ma ana kiransu shrouds, ana yin itacen wuta da su ko a ba dabbobi ganyen. A wasu yankuna wannan aiki shredding ake ce masa, abin da ke nuna cewa kalmomin biyu sun ci gaba da cuɗanya a bakin mutanen ƙauye, kuma a wannan amfani ne tsohuwar ma'anar yanka ta fi fitowa fili.